Rina a Jirgin Ruwa: Fasinjan da Ba Ya Cikin Takarda

A 2023 jami'an kula da kiwon zuma na Birtaniya sun rushe gidajen wata baƙuwar rina har 72, mafi yawansu a yankin Kent da ke fuskantar gaɓar Faransa. A shekarar da ta biyo baya binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da abin da ake fargaba, cewa wasu daga cikin rinar sun tsallake hunturu lafiya. Tun daga nan, da zarar ɗumi ya fara shigowa, sai a ji ana roƙon matafiya, har da masu ƙananan jiragen ruwa na filafili, wato waɗanda iska ke turawa tsakanin Faransa da Ingila, da su daure su duba jiragensu lungu-lungu kafin su kwance igiya. A watan Agustan 2023 ɗin nan dai aka ga irin wannan rina karo na farko a Amurka, kusa da Savannah, wani birni mai babbar tashar jiragen ruwa a jihar Jojiya.

Idan irin wannan labari ya iso mana, a wutsiyar labarai ake ajiye shi, a karanta ana murmushi. Masu kuɗi sun rasa abin damuwa, sun koma tsoron harbin rina a jirgin shaƙatawa. Wannan fahimta ce nake ganin ta kauce hanya ƙwarai. Harbin shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin maganar. Abin da hukumomin can ke tsoro shi ne jirgin kansa, domin sun san yadda rinar ta zo musu. A 2004 aka fara ganinta a lardin Lot-et-Garonne da ke kudu maso yammacin Faransa, kuma abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne ta ɓuya ne a cikin tukwanen ƙasa da aka yi odarsu daga Sin. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa mai yiwuwa uwa ɗaya tak ce ta haifi duk wannan runduna. Daga ita aka samu wadda ta shiga Sifen a 2010, da Fotugal a 2011, da Italiya, da Jamus, har ta kai Ingila a 2016. Aikinta shi ne ta tsaya a iska a ƙofar amya, ta cafke ƙudan zuma mai dawowa daga kiwo, ta yanke kai da fukafukai, ta kai wa 'ya'yanta ƙirjin. An ƙiyasta cewa gida ɗaya na iya cinye ƙwari fiye da kilo 11 a kaka guda. Mai kiwon zuma a Zariya ko Mambila ba ya buƙatar a fassara masa abin da wannan ke nufi.

Dabarun da masu jiragen filafili ke bi ba su da wani sirri, kuma ba zan daɗe a kansu ba. Jirgin da ya yi makonni a ɗaure babu mai taɓa shi, shi ne rina ke so. Takan rataye gidanta a ƙarƙashin rigar da ake lulluɓe filafili da ita, ko a akwatin anka, ko a cikin bututun da ke riƙe gindin filafilin. Zanzaro kuma rami yake nema, ya cika shi da laka da gizo-gizon da ya sumar don 'ya'yansa. Ramin da ya fi samu shi ne 'yar kafar da tankin mai ke shaƙar iska ta cikinta, ko wadda ruwan sanyaya inji ke fita. Idan ta toshe, inji zai tashi lafiya, a bar gaɓa, sai can a tsakiyar ruwa ya shaƙe ya mutu. Maganin shi ne a sa 'yar ragar waya a kowace kafa, a toshe waɗanda za a iya toshewa idan za a bar jirgin, a ɗaura musu jan ƙyalle don kada a manta, sannan a zagaya da asuba lokacin da sanyi ya kashe wa rina jiki. Ruwan sabulu mai kauri yana kashe ta, kuma ya fi aminci a kan gwangwanin feshi a ɗakin jirgi, inda ga tukunyar gas ga tururin mai ga kuma mutane na kwana. Wanda ya san jikinsa ba ya ɗaukar dafin rina dole ya riƙe allurarsa, domin a teku babu asibitin kusa.

Kada mai karatu ya raina zanzaro don yana ganinsa kullum a bangon ɗaki. Ranar 6 ga Fabrairun 1996 wani jirgin sama ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Bututun da ke auna gudun jirgin ne ya toshe, kuma masu bincike sun fi zargin gidan zanzaro, saboda jirgin ya yi kusan makonni uku a ajiye ba a rufe bututun ba.

Sauran ƙa'idojin duk matar da ta taɓa riƙe ɗakin girki ta san su. Ba a hawa da kwali cikin jirgi, domin kyankyaso na ajiye ƙwansa a cikin ninkin kwalin, kuma jaka ɗaya ta ƙwan ƙaramin kyankyaso na ɗauke da 'ya'ya 30 zuwa 40. A zazzage kaya a bakin gaɓa, a wanke ayaba da kayan lambu, a juye gari da shinkafa a mazubi mai murfi. Igiyar da ta haɗa jirgi da tudu ita ce gadar tururuwa da ɓera, don haka ake saka mata faifan ƙarfe a tsakiya. Tagogi da ƙofar rufi a sa musu raga. Idan za a kwana, a jefa anka nesa da gaɓa, a gefen da iska ke fitowa daga teku. Sai kuma ƙa'idar da ta fi duka nauyi, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami: kada a bar ruwan daɗi a buɗe, ko na bokiti, ko wanda sama ta tara a cikin ƙaramin kwale-kwalen da ake ja a baya, ko a ninkin tamfol.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe an saye ta da rayuka masu yawa, kuma mafi yawan tarihin nata a gaɓar Afirka ta Yamma ya faro, amma ba a koyar da shi a makarantunmu. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara, wanda masana ke kira Aedes aegypti, ɗan asalin Afirka ne. Ba gwanin tashi ba ne, yawanci rayuwarsa kaf ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Da ƙarfin fukafukinsa ba zai taɓa ƙetare Tekun Atalantika ba. Sai dai yana da wata baiwa. Macen ba a kan ruwa take zuba ƙwai ba, a jikin mazubi take manna su, daidai saman inda ruwan ya tsaya, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Ranar da aka sake cika mazubin, ruwa ya taɓa su, sai su fashe. Jirgin bayi kuwa ganguna ne jibge a cikinsa, domin ɗaruruwan mutanen da aka ɗaure a ƙasan jirgi sai sun sha ruwa tsawon makonni shida ko takwas, wani lokaci fiye. Ga ruwa, ga duhu, ga ɗumi, ga jinin mutanen da ba su da hannun kore sauro saboda mari. A haka sauron ya yi ta haihuwa yana ƙetarawa, shi da cutar da ke cikinsa.

Mutane kimanin miliyan 12 da rabi aka loda a waɗannan jirage cikin ƙarnuka uku da ɗoriya, kuma akwai Hausawa a ciki. Waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 an gangara da su gaɓar Legas da Ouidah, aka kai da yawa Bahia a Burazil, inda tarihin ƙasar ya rubuta sunan Hausawa a boren bayi na 1807 da 1809 da 1814. Saboda haka idan ana maganar gangar ruwa a cikin jirgin filafili, daga irin wannan ganga kakannin wasunmu suka sha.

A 1647 annobar shawara ta faɗa wa tsibirin Barbados, daidai lokacin da aka fara noman rake da bayi a can. A shekara ta gaba ta isa Yucatan a ƙasar Meziko. Daga nan ta zama baƙuwar kowace tashar jiragen ruwa har tsawon shekaru 250. A 1793 ta kashe kimanin mutum 5,000 a Philadelphia, wanda shi ne babban birnin Amurka a lokacin, wato kusan mutum ɗaya cikin goma, har gwamnati ta watse ta bar garin. A 1802 ta cinye rundunar da Napoleon ya aika don mayar da bayin Haiti ƙangi, ta haɗa da kwamandansu Janar Leclerc. Duk wannan lokaci babu wanda ya kalli ganga. Ana zargin iska mai wari, ana zargin ruɓaɓɓen kofi a bakin tasha, ana zargin kayan sawar matattu. Ana tsare jirgi a nesa da gaɓa, a ɗaga masa tuta ruwan ɗorawa, a ƙirga kwanaki, sauro kuwa yana ciki yana ƙaruwa.

Akwai misalai biyu da suka isa su buɗe wa mutane ido da wuri. A 1861 jirgin Anne-Marie ya iso Saint-Nazaire a Faransa daga Habana ta Kyuba, ɗauke da sukari. Matuƙan suka sauka suka tafi gidajensu, babu wanda ya kamu a hannunsu. 'Yan dakon da suka buɗe rumbun jirgin don sauke kaya su ne suka fara faɗuwa, sai ma'aikatan jiragen da ke ɗaure kusa da shi, har aka rasa fiye da mutum 20. A 1865 jirgin Hecla ya kawo tamar jan ƙarfe daga Kyuba zuwa Swansea a Birtaniya, a wata kaka mai zafin da ba a saba gani ba, aƙalla mutum 15 suka mutu, kusan dukkansu masu aiki ko zama a bakin tashar. Cutar na cikin jirgi, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma sanyi na shigowa ta ɗauke. Duk da haka sai a 1881 wani likita ɗan Kyuba, Carlos Finlay, ya tashi ya ce sauro ne, aka yi ta yi masa dariya kusan shekara ashirin, kafin tawagar Walter Reed ta sojan Amurka ta gwada ta tabbatar a 1900.

Hanyar ba mai zuwa gefe ɗaya ba ce. Jirgin filafili da ya sauke kaya yana buƙatar nauyi a cikinsa don kada iska ta kifar da shi, sai a ɗebi yashi ko ƙasa a gaɓar da ya baro, a zubar a gaɓar da ya isa. Masu tarihi sun rubuta cewa a farkon shekarun 1870 wani jirgin Ingila mai suna Thomas Mitchell ya zubar da irin wannan yashi na Burazil a Ambriz ta Angola, a cikinsa akwai jiga. Cikin shekaru ashirin da 'yan kai wannan ƙwaro mai shiga ƙarƙashin farcen ƙafa ya ratsa nahiyar tare da ayarin fatake da 'yan dako da sojojin mulkin mallaka har gaɓar gabas. Akwai tsofaffi a yau da ke ɗaukar jiga a matsayin abin da Allah ya halitta tare da ƙasarmu, alhali zuwanta shekara 150 ne kawai da 'yan kai.

Labarin da nake so kowane jami'in lafiya a Najeriya da Nijar ya haddace shi ne na Natal. A watan Maris na 1930 wani masanin ƙwari mai suna Raymond Shannon, ma'aikacin Gidauniyar Rockefeller, yana duba wani kududdufi kusa da tashar jiragen ruwan Natal a arewa maso gabashin Burazil, sai ya ga tsutsar sauron da bai kamata a ce tana wannan nahiya ba. Sauron maleriya ne na Afirka, ɗan dangin Anopheles gambiae, irin wanda ke hana mu barci da damina. A lokacin Faransawa sun sa wasu jiragen ruwa masu gudu suna kai wasiƙu daga Dakar zuwa Natal cikin kwanaki huɗu ko kusa da haka. Gudun nan shi ne abin da sauron ya rasa a zamanin filafili, domin shi ba ya haihuwa a ganga, sai dai ya laɓe a duhun ɗaki ya isa da ransa. An ba da rahoto, an ɗan yi feshi a cikin birnin, cutar ta lafa, hankali ya koma wani wuri. Sauron ya bi gaɓa a hankali, a jiragen kamun kifi da motoci, har ya shiga kwarin kogin Jaguaribe a jihar Ceará. A 1938 ya fashe. Fiye da mutum 100,000 suka kwanta, aƙalla 14,000 suka mutu cikin 'yan watanni, akwai ƙauyukan da aka rasa mai tsayuwa ya ɗebo wa marasa lafiya ruwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa labarin ya cancanci a riƙe shi. Gwamnatin Getúlio Vargas ta damƙa aikin a hannun wani likita Ba'amurke, Fred Soper, da ma'aikata kimanin 4,000. Babu DDT a lokacin. Abin da ke hannunsu wani koren garin guba ne da ake haɗawa da ƙura a watsa a kan ruwa, sai feshin da ake tatsowa daga wani fure. Aka yanka yankin gida-gida a taswira, kowane ma'aikaci da nasa kason, kowane kududdufi da lambarsa, kuma a bayan kowane ma'aikaci akwai mai bin sawu ya duba ko ya yi aikin. Aka kafa shingaye a hanyoyi, babu mota ko jirgin ƙasa ko kwale-kwalen da ke fita daga yankin sai an yi masa feshi. A ƙarshen 1940 aka ga sauron na ƙarshe. Bayan shekaru biyu irin wannan sauro ya bi zirga-zirgar kogin Nilu daga Sudan ya shiga kudancin Masar, ya kashe dubban mutane a yankunan Aswan da Ƙina, aka sake bin wannan tsari aka kawar da shi a 1945. An taɓa yi, har sau biyu, da kayan aikin da ba su kai namu na yau ba. Shekaru takwas na sakaci tsakanin ganin Shannon da annobar 1938 su ne suka ci rayukan.

Yanzu mu ne a matsayin Natal. A 2012 aka gano wani sauron maleriya ɗan asalin Indiya da Fakistan da yankin Tekun Fasha, Anopheles stephensi, a birnin Jibuti, wanda rayuwarsa kaf a kan tashar jiragen ruwa ta dogara. A wannan shekara masu maleriya 27 kacal aka rubuta a ƙasar, ana shirin shelar an gama da cutar. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An ga sauron a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a Kenya da Gana a 2022. A Najeriya kuwa samfuran da aka tattara a jihar Gombe a 2020 ne suka nuna ya iso. Masana sun fi zargin jiragen ruwa da shigo da shi nahiyar, manya masu kwantena da kuma jiragen katako na gargajiya da har yau ke jigilar dabbobi da gawayi da kayan masarufi tsakanin gaɓar Larabawa da ta Afirka, irin waɗanda alhazanmu na ƙafa suka riƙa hawa daga Sawakin zuwa Jidda. Daga tasha kuma sai ya hau manyan motoci.

Dalilin da ya sa wannan baƙo ya fi namu haɗari yana da sauƙin fahimta. Sauronmu na gida ɗan karkara ne kuma ɗan damina, yana son kududdufin ruwan sama mai hasken rana, rani na yi ya ja baya. Shi wannan ɗan birni ne. A tanki yake haihuwa, da duro, da rijiya, da kwatamin da magina ke tara ruwa, da tsohuwar taya. A garin da famfo ba ya kawo ruwa, inda kowane gida sai ya tara na 'yan garuwa a duro da randa, an gama yi masa shimfiɗa. A Dire Dawa ta Habasha ya tayar da annoba a tsakiyar ranin 2022, masu cutar suka haura 2,000 cikin 'yan watanni a garin da a 2019 bai fi mutum 200 da 'yan kai ba. Yana jure yawancin magungunan feshin da muke da su, kuma yana cizo a waje da yamma kafin mutum ya shiga gidan sauro. Wani nazari da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa mazauna biranen Afirka miliyan 126 za su iya shiga haɗari idan ya bazu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2019. Najeriya dama ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya.

Ba shi ne na farko ba ma. Wani sauron Asiya mai zanen fari a ƙafa, Aedes albopictus, ya zaga duniya a cikin tsofaffin tayoyi, ya sauka Houston ta Amurka a 1985, aka same shi a jihar Delta a 1991. Tayar gwanjo da ruwan sama ya kwanta a cikinta ita ce gangar jirgin wannan zamani, kuma ƙwan nasa ma yana jure bushewa.

Wani zai ce ina ruwan Bakano ko Bakatsine da teku. Amsar ita ce mun jawo tekun da hannunmu har ƙofar gida, kuma mun yi murna, yadda ya kamata. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Ma'anar tashar tsandauri ita ce kwantenar da aka rufe a Shanghai ko Mumbai ko Dubai ba za a fasa hatiminta a Apapa ba, sai ta iso nan. Duk abin da ya laɓe a ciki, a cikin katakon da aka ɗora kaya, ko a kwali, ko a ruwan da ya kwanta a taya ko injin gwanjo, iskar Kano zai fara shaƙa. 'Yan dakon Saint-Nazaire da suka ɗaga murfin rumbun Anne-Marie, 'yan'uwansu ne ke buɗe ƙofar kwantena a tashar Dala yau. An yi ta jawabi a kan kuɗin shiga da ayyukan yi da sauƙin fito da kaya. Tambayata ita ce wa ke tsaye da fitila da raga a lokacin da ake buɗe ƙofar, kuma wa yake kai wa rahoto.

Dokar tana nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Ƙa'idojin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, waɗanda Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Gana duk suka amince da su, sun wajabta a tsare kowace mashiga daga ƙwarin da ke yaɗa cuta har zuwa aƙalla mita 400 kewaye da ita, kuma kowane jirgin ruwa ya riƙe takardar shaidar tsafta da ake sabuntawa duk wata shida. Akwai ƙa'idar duniya tun 2002 da ta ce katakon ɗaure kaya sai an gasa shi ko an yi masa turaren magani, an buga masa tambari. Muna da sashen lafiya na tashoshi a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, muna da hukumar NAQS mai killace tsirrai da dabbobi. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ba su fi mu dokoki ba, sun fi mu tsayawa ne a kan waɗanda ke akwai. A farkon 2018 New Zealand ta kori manyan jirage huɗu shaƙe da motoci daga Japan saboda an ga wani ƙwaro mai wari da ke lalata 'ya'yan itace. Dillalan motoci sun yi kuka, kaya sun yi makonni a teku, gwamnati ba ta janye ba. A can, ko ɗan jirgin filafili mai mutum biyu ne, sai ya tsaya a tashar da aka ware, jami'i ya shiga ya buɗe kowane akwati, ya karɓe zuma da 'ya'yan itace, ya leƙa katako ko akwai gara.

Ina kuma jan kunne tun kafin a fara, kada a mayar da wannan aiki kwangilar feshi. Mun san yadda ake yi, a zo da mota mai hayaƙi, a ɗauki hoto, a tafi. Mun kuma san inda son zuba guba ya kai mu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari irin na fiya-fiya da aka samu a ciki, kuma wanda ba a fitar ba mu muka ci. Mai jirgin filafili da ya san aikinsa ba da gwangwanin feshi yake farawa ba. Yana farawa ne da ido, da raga, da murfi, da zubar da ruwan da ya kwana. Soper ma da taswira da littafin rajista ya ci yaƙinsa kafin garin guba. Aikin na buƙatar mutum mai albashi da zai zo kowane mako da ludayi, ya ɗebi ruwan tanki, ya zuba tsutsar a kwalba, ya rubuta rana da wuri, ya aika ɗakin gwaji. Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna yaye masu ilmin ƙwari kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki.

Ga magidanta kuma, duro da tanki da randa su samu murfi mai kamawa, ko a ɗaure bakinsu da tsohon gidan sauro. A riƙa juye su ana goge cikinsu da soso duk mako, saboda ƙwan da ke manne a jiki zubar da ruwa kaɗai ba ya cire shi. Masu faci da masu sayar da taya su ajiye ta a ƙarƙashin rumfa ko su huda ta. Magina su daina barin kwatamin ruwa a buɗe bayan an gama gini.

Lokacin neman baƙon sauron maleriyar nan, Anopheles stephensi, shi ne rani, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da kududdufai suka ƙafe, na gida ya yi ƙaranci, duk tsutsar sauron maleriya da aka samu a tanki ko duro ta zama abar tuhuma. Gwamnatocin Kano da Kaduna da Katsina da maƙwabtansu su tura ma'aikatan duba-gari su bi mita 400 ɗin nan da doka ta ambata a kewayen Dala da Kaduna da Funtuwa, su haɗa da garejojin manyan motoci na Mararrabar Jos da Tafa da Potiskum da kan iyakar Jibiya da Maigatari, sannan su buga abin da suka samu a jarida, ko an ga sauron ko ba a gani ba, kafin ruwan farko ya sauka.